Ba Zan Ce Katin Mainasara Jabu Ne Ba

Gwaggo Turai,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Yau kwana goma sha ɗaya ban sami wanda zai saurare ni har ƙarshe ba. Duk wanda na fara ba shi labari, da na kai maganar kwamfuta sai ya ɗaga hannu ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani kawai shi ne kawu kawu ne. To ai ni ma na san kawu kawu ne. Amma sai an ji maganar kwamfutar kafin a gane abin da ake so in yi, da dalilin da ya sa na ce ba zan yi ba.

Ni mutuniyar Yargalma ce ta ƙasar Bukkuyum. Shekaruna talatin da huɗu, ina da aure da 'ya'ya biyu a raye. 'Yata ta fari, Fa'iza, ta rasu a shekarar gubar dalma, 2010, tana da shekara biyu da wata uku. Lokacin a tsakar gidanmu ake daka dutsen zinariya, ni da hannuna na sha tankaɗe garinsa ina goye da ita. Sai da yara suka dinga sanƙarewa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan likitocin agaji suka zo suka auna jini da ƙasa suka ce ƙurar ce. Ba na son in tsawaita a nan.

Bayan haka ni da maigidana Sufyanu muka dawo Gummi. Kawuna Malam Muntari, ƙanen Inna, yana da shagon kwamfuta a garin. Da ya ga ina zaune ba ci ba magana, shi ya ce wa Inna a turo ni shago, ko shara ce in riƙa yi don in ga mutane. Na yi sakandare kafin aure, don haka ya fara koya mini buga rubutu. Daga nan sai gyara. Shi ya fara miƙa mini sukundireba ya ce in buɗe kwamfuta kada in ji tsoro, ba ta cizo. Mutane sun yi ta surutu wai mace a shagon gyara, shi ya tsaya mini, har ya taɓa korar wani mutum daga shagon saboda ni. Duk wannan ba na musunsa, kuma ba zan taɓa musunsa ba. Na rubuta shi tun da farko don kada ki ce butulu ce ta rubuto miki.

A hankali na koyi zane a kwamfuta, irin wanda ake gina abu a juya shi ta kowane ɓangare. Wannan ba Kawu ya koya mini ba, ni na bi darussa a intanet na koya. Bara sai Hajiya Tabawa, shugabar wata ƙungiyar mata a nan, ta ga aikina ta ce in yi musu wani abu a kan dalma, domin an koma haƙar zinariya a wasu wurare, kuma 'yan matan da suke yara a wancan lokacin yanzu su ne amare, ba su ga abin da muka gani ba. Sai na gina gida a cikin kwamfuta irin gidanmu sak: tsakar gida, turmi, randa, rumbu, ɗaki, tabarmar yaro. Ƙurar dalma na yi ta ja don ido ya gan ta. Ba fim ba ne da ake kunnawa a zauna a kalla har ƙarshe. Zagawa ake yi a cikinsa kai tsaye. Za a haska shi da majigi, mata su ce shiga ɗaki, in juya maus in shiga, su ce leƙa randa, in leƙa, su ga inda jar ƙurar ta kwanta. Wata biyar na yi a kan wannan aiki.

Irin wannan zane yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Ƙungiya ta ɗauki nauyin kayan, ta bar wa Kawu zaɓi tunda shi ne babba a harkar. Ya ce katin hoto biyu za a saka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Katin hoto shi ne wanda yake zana abin da ake gani a sikirin, kuma ana soka shi ne a wani dogon rami a jikin madabod, wato faffaɗan allon da komai na cikin kwamfuta yake hawa kansa. Kawu ya zaɓi madabod mai dogayen ramuka biyu, sama da ƙasa. Yana faɗa ina rubutawa a takarda, aka ba Mainasara, wani ɗan kasuwa da yake zuwa Kano sarin kayan kwamfuta. Abin da aka rubuta shi ya kawo, ba ragi ba ƙari.

Ni na haɗa kwamfutar. Da farko kati ɗaya na saka a ramin sama don gwaji. Akwai lamba a gefen sikirin da take nuna hoto nawa ake zanawa a sakan ɗaya, ta nuna arba'in da huɗu, kuma tafiyar sumul. Na ƙara kati na biyu a ramin ƙasa, na haɗa su su yi aiki tare. Lamba ta hau hamsin da biyar, Kawu ya yi murmushi. Amma da na juya zan shiga ɗaki sai hoto ya fara tuntuɓe, ya tsaya ya fizga, ya tsaya ya fizga. Idan ƙura ta tashi a bakin turmi lambar sai ta faɗo ashirin. Hajiya Tabawa ta zo gani, ko minti biyar ba ta yi ba ta ce jiri yana ɗibarta.

Nan take Kawu ya yanke hukunci: kati na biyun jabu ne, Mainasara ya cuce mu. Da a shago kawai ya faɗa da sauƙi. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a majalisarsu, ya faɗa a ƙofar masallaci. Kin san garinmu, magana ba ta kwana. Wata makaranta da ta ce Mainasara ya kawo mata kwamfutoci ta fasa. Wani ya mayar masa da firintar da ya riga ya yi wata biyu yana aiki da ita. Mutumin nan yana da iyali, kuma jarinsa duka amana ce, don ba wanda zai bi shi Kano ya ga abin da ya saya.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a Bukkuyum, Kawu ya tafi ta'aziyya ya kwana uku. A kwanakin nan na yi abin da shi da kansa ya koya mini, wato kada ka zargi kaya sai ka gwada shi shi kaɗai. Na saka katin farko a ramin sama shi kaɗai, arba'in da huɗu. Na cire na saka wanda ake cewa jabu a ramin sama shi kaɗai, arba'in da huɗu, sumul. Na mayar da kowanne ramin ƙasa shi kaɗai, dukkansu suka sauko talatin da biyar, suna yi suna ɗan tsayawa. Sau uku na maimaita, na rubuta a littafi. Ashe ba katin ba ne.

Sai na haska tocila a cikin ramin ƙasa. Gwaggo, tsawonsa ɗaya da na sama, amma haƙoran ƙarfen da ke ciki wajen rubu'i kawai suka kai, sauran duk roba ce fayau. Na ɗauko littafin madabod daga kwali na karanta. Ramin sama yana da layi goma sha shida da saƙo yake bi tsakanin kati da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma na sabon zubi ne. Na ƙasa layi huɗu ne kacal, na tsohon zubi, wanda kowane layinsa rabin na sabon yake ɗauka. Idan aka lissafa, abin da ramin ƙasa zai iya wucewa da shi kashi ɗaya ne cikin takwas na ramin sama. Bayan haka ma ba kai tsaye yake zuwa firosesa ba, sai ya bi ta wani ƙaramin guntu da faifan ajiya da filash da intanet duk suke bi ta cikinsa. Su kuma katunan karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zana hoto, wancan ya zana na gaba. Irin namu ba su da gada a sama da take haɗa su, don haka duk hoton da na ƙasa ya gama dole ya turo shi ta wannan matsattsen rami zuwa na sama, wanda shi ne yake haɗe da sikirin. Idan ya makara, hoto ya tsaya jiransa. Shi ne tuntuɓen da muke gani. Na kuma karanta cewa akwai madabod da suke raba layi goma sha shidan nan takwas da takwas, dukkansu kai tsaye daga firosesa, kuma a kan irin waɗannan abin da kati yake rasawa bai fi kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. Namu ba irinsu ba ne.

Ranar da Kawu ya dawo na faɗa masa a shago. Gaskiya akwai mutane biyu suna jiran a buga musu takarda, amma ni murna ce ta cika ni, na ɗauka zai ji daɗi. Ya dube ni ya ce ramin da ido yake gani tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa ne zan ce masa ƙarami? Na ce ya karɓi tocila ya duba. Ya ce shi ya koya mini riƙe sukundireba, ba zan koya masa kallon rami ba. Bai duba ba.

Mainasara ya kai ƙara wajen Alhaji Nababa, shugaban 'yan kasuwar layinmu, aka sa zama a zaurensa bayan la'asar. Kawu da kansa ya ce in zo in ba da shaida tunda ni na haɗa kwamfutar. Na san abin da yake so in ce. Ni kuma na sa aka ɗauko kwamfutar da ƙaramin janareta a baro aka biyo ni. Ban gaya masa zan yi haka ba, don na san zai hana.

Alhaji Nababa ya tambaye ni, tsakanina da Allah, katin jabu ne? Na ce a'a. Na kunna janareta, na nuna musu gwajin a gabansu, kati bayan kati, rami bayan rami. Na miƙa tocila, dattawa suka leƙa ɗaya bayan ɗaya suna gyaɗa kai. Sai Kawu ya ce da su: "Ku bar ta, ɗiya ta, mi ta sani? Jiya-jiya na ɗauko ta tana shara." Raina ya ɓaci. Na ce: "Kawu, littafin madabod ɗin yana cikin kwali tun ranar da aka kawo shi. Ledarsa ma ni na fasa." Wasu suka yi dariya. Ya tashi ya sa takalmansa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari na tarar an canja kwaɗon shago. Kwamfutar tana ciki, don daga zauren can aka mayar da ita, kuma aikina na wata biyar duk yana cikinta, ba ni da kwafi a ko'ina. Kawu ya aiko wa Inna cewa ba zan sake taka shagon ba sai na koma zauren Alhaji Nababa na faɗa a gaban mutanen nan cewa na yi kuskure, ba ni da tabbas a kan katin. Ba ma sai na ce jabu ne ba, in ji shi, in ce kawai ban tabbata ba. Inna kullum kuka. Ta ce kalma uku ce, in faɗa a wuce wurin, shi kaɗai ya rage mata a 'yan ɗakinsu. Sufyanu ya ce in yi abin da na ga ya dace amma kada in bar Inna tana hawaye, wato dai bai ce komai ba. Hajiya Tabawa ta ce ita ba ta shiga maganar dangi, amma in tuna an sa ranar kai aikin ƙauyukan Zugu da Duza nan da mako uku, kafin ruwa ya sauka hanya ta gagari babur.

Gwaggo, ba zan faɗa ba. Na tabbata, to don me zan ce ban tabbata ba? Idan na faɗa, gobe duk Gummi za a ce ko ita da ta tsaya masa ta janye, ashe dai katin jabu ne, Mainasara ya gama yawo ke nan. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A wancan lokacin a ƙauyenmu akwai wata tsohuwa da ta ce ita fa tana zargin ƙurar nan, don tun da aka fara daka dutse a gida kaji da agwagi suke mutuwa. Aka yi mata ca, aka ce mi tsohuwa ta sani, ta ja bakinta ta yi shiru. Ina wurin, ina goye da Fa'iza, ni ma ban ce komai ba. Ban ce maganar kati da maganar rai ɗaya ba ce. Amma na yi wa kaina alkawari abin da na gani da idona ba zan sake haɗiye shi don wani ya fi ni shekaru ba. Ko duk dangi za su juya mini baya, layi huɗu ba zai zama goma sha shida ba.

Yanzu ga abin da nake so ki ba ni shawara a kai. Ina da mabuɗin ƙofar baya ta shagon, Kawu ya manta bai canja wannan ba. Zan iya shiga lokacin da ya tafi masallacin Juma'a in cire faifan da aikina yake ciki, ai gumina ne. Mainasara kuma ya aiko matarsa ta ce idan ina so akwai wuri a shagonsa, in zo in ci gaba da aiki. Zuciyata tana ce mini in yi duka biyun, in ga ƙarshen taurin kai. Me kika gani? Amma don Allah kada ki ce in janye, wannan kam na riga na rufe.

Taki,
Wadda Ta Ƙi Janyewa, Gummi.

*

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Fa'iza da sauran yaran da suka tafi a waccan shekara, Ya sa masu ceto ne, Ya raya miki na baya.

Kwantar da hankalinki, ba zan ce ki janye ba. An tambaye ki tsakaninki da Allah kin faɗi abin da kika gwada kika gani. Komawa ki ce ba ki da tabbas alhali kina da shi shaidar zur ce da aka yi wa kwalliya, kuma wanda za ta faɗa a kansa mutum ne da bai ci ba bai sha ba. Babu kawu, babu uwa, da ke da ikon sa ki yin wannan. A nan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, don haka na kai wasiƙarki wajen Injiniya Sa'idu, wani maƙwabcina da ya shekara goma sha biyar yana koyar da wannan fanni. Ya karanta sau biyu, ya ce gwajinki ya yi, bayaninki daidai ne, kuma da ɗalibarsa ce ke da ya ba ki maki cikakke. Amma ya ƙara wasu abubuwa da nake so ki saurara da kyau, domin ba duka ne za su yi miki daɗi ba.

Ya ce wannan rami mai dogon baki da gajerun haƙora ya ruɗi ƙwararru da yawa, ba kawunki ne na farko ba. Sau da yawa ma a jikin kwalin za a rubuta cewa madabod ɗin yana ɗaukar kati biyu, kuma ba ƙarya aka yi ba, yana ɗauka, yadda za su yi tafiya ne ba a faɗa ba. Ya ce ko da kun sami mai raba takwas da takwas, kada ki yi wa kowa alkawarin kati biyu zai ninka aiki. Wani shirin yana cin moriyar na biyun sosai, wani kaɗan, wani ko kusa, kuma ɗan tuntuɓen nan yakan leƙo ko a madabod mai kyau. Don haka shawararsa ita ce ki raba auren katunan, ki bar na sama shi kaɗai ya ja zagayen gidan. Hoto arba'in da huɗu a sakan mai tafiya sumul ya wadatar da majigi, ya kuma fi hamsin da biyar mai sa jiri. Ba kwa bukatar sabon madabod kafin tafiyarku.

Sannan ya ce kati na biyun ba asara ba ne. Idan kika tashi mayar da aikin nan fim na yau da kullum, wanda mata za su tura wa juna a waya bayan kun naɗe majigi kun tafi, kowane kati loda masa kayan zanen ake yi sau ɗaya ya zauna ya yi ta aikinsa, ba ya jiran ɗan'uwansa. A irin wannan aiki ƙuncin rami ba ya cutarwa sosai, kuma idan shirin da kike amfani da shi ya san hawa kati biyu, lokacin da za ki jira zai ragu kusan rabi. Kin ga ke nan sarkin yawan kawunki yana da ranarsa. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani.

Yanzu mu zo kanki. Kin rubuta da hannunki cewa yana faɗa kina rubuta sunan madabod ɗin, kuma ke kika haɗa kwamfutar. To yaushe kika fasa ledar littafin? Bayan an haɗa, bayan an ga matsala, bayan an riga an ɓata sunan Mainasara. Wato maganar da kika jefi kawunki da ita a zaure ta same ku ku biyu, shi kaɗai aka yi wa dariya. Bayan haka, karon farko da kika gaya masa a gaban masu jiran aiki ne, yana dawowa daga gidan makoki. Ya ƙi ji, kuma ya yi kuskure da ya ƙi. Amma ba ki bi shi gida kin sake gwadawa ku biyu ba. Kika bari ya kira ki shaida da bakinsa, kika zo masa da janareta a baro bai sani ba. Da kin ce masa tun da safe, Kawu, idan aka tambaye ni gaskiya zan faɗa, da ya sami damar gyara maganarsa da kansa kafin a taru. Shaidarki tsaf take. Yadda kika kai ta ne yake da ƙura.

Shi ma nasa laifin ba ƙarami ba ne. Ya yanke hukunci bai gwada ba, ya yaɗa shi a gari, ya ƙasƙantar da ke a gaban mutane da maganar shara, yanzu kuma yana riƙe da aikin da ba nasa ba don ya tilasta ki. Haƙƙin Mainasara yana wuyansa, kuma shi zai sauke, ba ke ba. Sai dai ki gane cewa mutumin da ya kori wani daga shagonsa saboda ke bai zama maƙiyinki a rana ɗaya ba. Kunya ce take cinsa, ita kuwa kunya idan ta rasa ƙofar fita faɗa take komawa. Aikinki ki buɗe masa ƙofa.

Mabuɗin baya, ki mayar da shi aljihu. Ranar da kika shiga shagon nan a ɓoye, magana ta tashi daga kan kati ta koma kan wadda ta buɗe shagon kawunta yana masallaci, kuma duk wanda ya leƙa ramin nan da tocila zai manta abin da ya gani. Shagon Mainasara ma kada ki je, aƙalla ba yanzu ba. Ki gode wa matarsa. Idan kika koma can za a ce da ma da wata a ƙasa, shaidar da kika bayar don wanke shi ta zama abin zargi.

Ki fara da Inna. Kada ki yi mata bayanin layi huɗu da goma sha shida, ba shi ne damuwarta ba. Ki ce mata kalma ukun nan shaidar zur ce a kan bawan Allah mai iyali, ki tambaye ta ko ta yarda ki ɗauki wannan ki je da shi lahira. Uwa ce, za ta gane. Sannan ki roƙe ta ta raka ki gidan kawunki, ba shago ba, da safe, ba baƙo ba ɗan kallo. Ki ba shi haƙuri a kan maganar leda, da kan janaretan da kika ɓoye masa, da kan gaya masa a gaban mutane, ki ambace su ɗaya-ɗaya kada ki dunƙule. Ki ce masa ke ma ba ki karanta littafin ba sai da aski ya zo gaban goshi, madabod ɗin ya ruɗe ku ku biyu. Ki gaya masa kati na biyun da ya ce a saya shi zai fitar da fim ɗin waya. Duk wannan gaskiya ce, ba daɗin baki ba. Idan akwai abin da za a koma zauren Alhaji Nababa a faɗa, to shi ne wannan: rami ne ya ruɗe mu, kayan Mainasara lafiya lau. Wannan magana yana iya faɗinta kansa a ɗage.

Idan ya ƙi, ki ba shi mako guda. Bayan nan ki koma wajen Hajiya Tabawa ki tuna mata cewa kwamfutar ta ƙungiya ce, karɓo ta ba shiga maganar dangi ba ne, riƙon amanar matan da suka ba ta shugabanci ne. Ita za ta nema, cikin mutunci, ba ke ba. Ranar da aikin ya dawo hannunki, kafin ki sha ruwa ki kwafe shi a wuri biyu. Ko ya buɗe miki shago ko bai buɗe ba, gaisuwa da zumunci kada ki yanke. Tafiyar ƙauyukan kuma ku nemi labarin hanya wajen mutanen can kafin ku tashi, ku tafi da rana ku dawo da rana.

Idan kin je gabansa ki durƙusa har ƙasa, ya cancanci wannan da fiye da haka. In ya sake cewa ki ce ba ki da tabbas, ki ce masa a'a, a durƙushen.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya sa aikin nan ya zama sanadin tsirar yara masu yawa.

Gwaggo Turai